Ɗana ya fara in'ina, malamarsa ta ce mu daina yi masa Hausa

Maman Khalil, Makka:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don abin ya fara hana ni barci. Ɗana shekararsa huɗu da 'yan watanni. Bakinsa ya buɗe lafiya lau, har ana cewa ya cika surutu. Tun wajen ƙaramar salla sai ya fara maimaita farkon kalma, "ba-ba-ba-ba ni ruwa". Yanzu abin ya wuce nan, wani lokaci bakin zai buɗe amma sautin ya ƙi fita, sai ya runtse ido yana buga ƙafa a ƙasa. Malamarsa ta rauda, wato makarantar nazare, ta ce harsuna biyu ne suka rikita shi, mu bar Hausa a gida mu riƙe Larabci kaɗai. Surukata da muke zaune tare ta ce baki ne ya kama shi, a nemo mai ruƙiya. Babansa kuma ya ce a ƙyale shi zai daina. Hajiya Larabcinta bai wuce na cefane ba, in muka bar Hausa da me za ta yi hira da jikanta? Wanne zan kama?

Malam Abu Sumayya, Madina:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Da farko ki kwantar da hankalinki, wannan ba aibi ba ne. Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka aike shi wajen Fir'auna sai ya roƙi Allah ya buɗa masa ƙirji, ya sauƙaƙa masa al'amari, ya warware ƙulli daga harshensa domin a fahimci maganarsa. Yana nan a Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa ta 28. Ki riƙa karanta masa, ki koya masa shi ma. Ni ina bayan maigidanki. Ɗan ƙanena ya yi irin wannan yana ƙarami, ba a kai shi ko'ina ba, yau ga shi yana limanci.

Hajiya Ummu Bashir, Makka:
Kada ki raina maganar surukarki, 'yata. Baki gaskiya ne, kuma yaro mai surutu shi ido ya fi kamawa. Ga zamzam a ƙofar gidanki, ki tofa ki ba shi. Sannan a duba ƙarƙashin harshensa, a can gida wanzami ne ke ɗan tsaga wurin sai harshe ya saku.

Ummu Aiman, Jidda:
Sannu Maman Khalil. Gyaran magana shi ne aikina, abin da Larabawa ke kira takhaɗub, don haka bari in yi bayani da ɗan tsawo.

Hajiya, Allah ya ƙara girma, zamzam da addu'a ba wanda zai hana. Amma don Allah kada a kai aska bakin yaron nan. In'ina ba a harshe take ba. Harshensa lafiyayye ne, shi ya sa ya yi shekara biyu yana magana ba tangarɗa. Abin yana can ne a yadda ƙwaƙwalwa ke tsara lokacin motsin leɓe da harshe da numfashi. Tsaga ba za ta ƙara masa komai ba sai ciwo da tsoro.

Kuma gado na da hannu sosai. A shekarar 2010 masu bincike a Amurka sun gano wasu ƙwayoyin gado masu alaƙa da in'ina bayan sun yi nazarin iyalai a Pakistan, daga baya aka samu wani ta hanyar wani babban gida a Kamaru da mutane da yawa a cikinsa ke yi. Saboda haka tambayar farko da zan yi miki ita ce, a danginki ko na babansa akwai mai yi, ko wanda ya taɓa yi ya daina?

Maganar Malam ma akwai gaskiya a ciki. Kusan yaro 5 cikin 100 kan yi in'ina na wani lokaci, galibi tana farawa tsakanin shekara 2 zuwa 5, kuma wajen kashi uku cikin huɗu nasu suna dainawa. Waɗanda take bi har girma su ne kusan mutum 1 cikin 100, kuma maza sun ninka mata kamar sau huɗu. Matsalar ita ce ba mai iya kallon yaro ɗaya ya rantse cewa wannan yana cikin masu dainawa. Abin da muke dubawa shi ne: namiji ne, ya fara ne bayan shekara uku da rabi, abin ya haura wata shida, akwai mai yi a dangi, ko ya fara kokawa da kalma. Naki namiji ne, kuma runtse idon nan da buga ƙafa kokawa ce. Ni dai ba zan ce ki jira ba.

Ita kuwa Hausa, kada ki bari. Ba a tabbatar da cewa harshe biyu na haddasa in'ina ba. Yaran Makka nawa ne suka tashi da Hausa da Larabci, wasu har da Fulatanci ko Barbarci, suna magana tar? In kika hana shi Hausa yau, abin da zai fahimta shi ne maganarsa ce ta jawo aka canza dokar gida, ga kuma kakarsa da za a raba shi da ita.

Maman Khalil, Makka:
Na gode Anti. Na tambayi surukata yanzu, ta ce ƙanin mijinta marigayi yana yi har ya rasu. Ba a taɓa gaya min ba.

Malam Abu Sumayya, Madina:
Malama, ba jayayya nake ba, amma in uku cikin huɗu suna dainawa, ashe yawancin masu kai kuɗinsu wajenku ko ba su je ba za su warke ke nan. Mutanenmu a ƙasar nan kin san yadda ake neman riyal.

Ummu Aiman, Jidda:
Allah ya gafarta Malam, tambaya ce mai kyau. Zuwa a duba yaro daban, fara jinya daban. Sau da yawa mukan duba mu ce a koma gida, a yi kaza da kaza, a dawo bayan wata uku mu gani. Dalilin da ya sa ba ma son a yi sakaci shi ne, aikin ya fi ci kafin yaro ya kai shekara shida. Akwai tsarin da ake kira Lidcombe, daga birnin Sidni na Ostireliya ya fito, uwa ko uba ne ke yin aikin a gida kullum cikin hira da wasa, ƙwararre yana duba su mako-mako yana gyara musu. An gwada shi a kan ƙananan yara an ga amfaninsa. Bayan yaro ya shiga firamare, ya sha dariyar 'yan aji, ya koyi gudun wasu kalmomi, to aikin ya zama biyu: ga in'inar, ga tsoron da ya hau kanta.

Abu Hafsa, Riyad:
Na daɗe a zauren nan ban cika magana ba, amma wannan tawa ce. Ni mai in'ina ne, na haura arba'in, ina da mata da 'ya'ya, ina tuƙi a wani kamfani. Ina so in gaya wa Maman Khalil abin da ba wanda ya gaya wa mahaifiyata.

In'inar kanta ba ita ta fi ci min rai ba. Fuskokin mutane ne. Kana tsakiyar kalma sai ka ga mutum ya kau da kai kamar ya ga tsiraici, ko ya ƙarasa maka, kuma sau da yawa abin da ya ƙarasa ba shi kake nufi ba, sai ka amsa da to don a wuce wurin. Na sha cin abincin da ba shi nake so ba saboda sunan wanda nake so ya maƙale. Sunana ma da kansa yana daga cikin masu yi min wuya, don suna ba ya da madadi, ba ka isa ka sauya shi da wata kalma ba. Ku yi tunanin mutumin da ɗan sanda ya tsayar a hanya ya tambaye shi sunansa, ya yi shiru yana motsa baki. Me za a zata?

A gida kuwa abin da na tashi ina ji shi ne "nutsu", "ja numfashi", "sake faɗa a hankali". Da kyakkyawar niyya ake faɗa, na sani. Amma yaro abin da yake ji shi ne, ba a sauraron abin da nake cewa, yadda nake cewa ake saurare. Sai na daina ba da labari. Na zama yaro mai kunya a bakin mutane, alhali cikina cike yake da magana.

Ki dube shi a ido, 'yar'uwa, ki jira. In ya gama ki amsa masa abin da ya faɗa. In ya ce ba-ba-ba ni ruwa, ki ba shi ruwa.

Hajiya Ummu Bashir, Makka:
Allah sarki. Allah ya saka maka da alheri ɗana. Mu dai abin da muka gada muka faɗa.

Baban Yusra, Jidda:
Duk wannan ya yi, amma a faɗi wuri. Ina ake zuwa? Kuma wa zai biya?

Ummu Aiman, Jidda:
A nan Jidda akwai cibiyar magana da ji da aka fi sani da JISH, tana aiki tun shekarun 1990, aikinta ke nan kacokan. Manyan asibitoci da yawa, na gwamnati da na kuɗi, suna da sashen takhaɗub, sau da yawa a jikin sashen kunne, hanci da maƙogwaro ko na gashin ƙashi. Jami'ar Dar Al-Hekma a Jidda da Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad suna horar da masu wannan aiki, don haka ma'aikatan ba su yi ƙarancin da suka yi a da ba. Lambar Ma'aikatar Lafiya 937 ce ga mai son a yi masa jagora.

Abu biyu za ku tambaya kafin ku biya ko riyal ɗaya. Na ɗaya, yana da lasisin hukumar da ke tantance ma'aikatan lafiya ta Saudiyya? Na biyu, ya saba aiki da masu in'ina? Don wani gwaninta a kan yaran da bakinsu ya yi jinkirin buɗewa take, wani a kan masu shanyewar ɓarin jiki. Duk wanda ya ce muku zai kawar da ita cikin kwana kaza, ko ya miƙo muku kwalba, ku riƙe kuɗinku. Har yau ba wani maganin sha da hukumomin magunguna suka amince da shi a matsayin maganin in'ina.

Batun biya, mai aiki a kamfani mai zaman kansa doka ta ɗora wa kamfanin yi masa ta'amin, wato inshorar lafiya. Ku kira lambar da ke jikin katin ku tambaya ƙarara ko zaman takhaɗub na ciki, kuma zama nawa, kafin ku kama hanya.

Anti Larai, Makka:
Ku yi haƙuri in faɗi wadda ake kewayewa. Ba kowa a zauren nan ke da igama (takardar izinin zama) mai rai ba, balle ta'amin. Akwai matan da a nan aka haife su, a nan suka haihu, asibitin kuɗi ma sai ciwo ya kai intaha suke zuwa. Waɗannan fa? Su zuba ido?

Ummu Aiman, Jidda:
A'a Anti, kuma na ji daɗi da kika tayar. Akwai abin da ba ya cin ko sisi. Wata cibiya a Landan mai suna Michael Palin, wadda in'ina kaɗai ta sa a gaba, tana fara aikinta da ƙananan yara ne da abu mai sauƙi: minti biyar, sau uku zuwa biyar a mako, uwa ko uba su zauna da yaron shi kaɗai, ba waya, ba talabijin, shi zai zaɓi wasan, babba ya bi shi. A cikin minti biyar ɗin ki rage saurin maganarki ke, maimakon ki ce shi ya rage. Ki ɗan dakata kafin ki amsa. Ki rage jero tambayoyi, "me ka ci, wa ya ba ka, me malama ta ce", ki riƙa faɗin abin da kike gani yana yi.

Sai kuma gidajenmu masu yawan jama'a. A kan tire ɗaya yara shida na rige-rigen magana, mai in'ina kullum shi ake bari a baya. A sa doka ga kowa, ba don shi kaɗai ba: in wani na magana a bari ya kai aya. Barci ya isa, don gajiya na tsananta ta, kuma kun san yaran nan ba sa kwanciya da wuri, balle da azumi. In ya nuna damuwa kada a yi kamar ba a gani ba. Ki ce masa, "kalmar nan ta yi nauyi ko? Ba komai, ina jin ka."

Wannan bai maye gurbin ganin ƙwararre ba, amma yana rage wa yaro kaya. Mai iya tara kuɗin zama ɗaya tak, ya ɗauki bidiyon yaron a waya yana wasa a gida, a Hausa da a Larabci, ya tafi da shi. In'ina na zuwa tana tafiya, sau da yawa ranar da aka kai yaro ranar bakinsa ke sakuwa, bidiyon ne zai nuna gaskiya.

Baban Yusra, Jidda:
Tunda an buɗe, ni ma ga tawa. Ɗan yayata shekararsa tara, yana zuwa halƙar hadda a masallacin unguwarsu. In ana karatu tare ba ka jin komai, muryarsa ma ta fi ta kowa. Da an ce ya kawo hadda shi kaɗai sai ya cije a kan basmala. Malaminsu ya ce iskanci ne, ko kuma bai yi tilawa ba, har ya kai ga duka. Yanzu yaron da la'asar ta yi sai ciwon ciki.

Abu Hafsa, Riyad:
Wallahi ba iskanci ba ne. Ni ma haka nake. In ina bin liman a zuci ko muna karatu tare, ko ina rera wani abu, ko ina magana ni kaɗai a mota, ba ka cewa ina da wata matsala. Wannan ne ya sa mutane ba sa yarda da mu, suna ganin tunda ka iya ɗazu, yanzu ƙi ka yi.

Ummu Aiman, Jidda:
Sanannen abu ne a fannin. Karatu tare da wani, da rerawa, da bin wani kari na daidai, duk suna sa in'ina ta ragu ƙwarai ko ta ɓace na wannan lokacin, saboda mutum ya samu abin da ke riƙe masa lokaci daga waje. Malamin zai iya amfani da wannan: ya fara ayar tare da yaron da murya ƙasa-ƙasa sannan ya janye, ko ya karɓi haddarsa bayan sauran sun tashi.

Malam Abu Sumayya, Madina:
Wannan kam ba ni da ja. Dukan yaro a kan abin da ba ya da iko a kai zalunci ne, ko da sunan Alƙur'ani aka yi. A hadisin Nana A'isha da Bukhari da Muslim suka fitar, wanda yake karatun Alƙur'ani yana sassarƙewa, yana yi masa wuya, lada biyu gare shi. Kuma a duba wa ya yi gorin magana a cikin Alƙur'ani: Fir'auna ne, a Suratuz Zukhruf aya ta 52, ya ce Musa da ƙyar yake bayyana magana. Baban Yusra, ka je da kanka wajen malamin, a keɓe, cikin girmamawa, ka kai masa wannan bayanin. In bai sauya ba, halƙa ba ɗaya ba ce a Jidda.

Maman Ihsan, Ɗa'if:
Afuwan zan ɗan karkata. Mahaifina ya haura sittin, bai taɓa in'ina ba, yau da safe muka ji maganarsa na sarƙewa. Shi ma wajen masu takhaɗub za mu kai shi?

Ummu Aiman, Jidda:
A'a! Ki ajiye waya a zauren nan ki kira 997 yanzu, motar asibiti ta Hilal Ahmar. Babban da maganarsa ta rikice farat ɗaya ana jin tsoron shanyewar ɓarin jiki ne, musamman in baki ya karkace ko hannu ya yi rauni. Wannan ana ƙirga shi da awoyi. Kada a ba shi abinci ko ruwa kafin likita ya gan shi.

Maman Ihsan, Ɗa'if:
To Anti, yayana ya kira. Ku sa mu a addu'a.

Anti Larai, Makka:
Allah ya tashi kafaɗunsa. Abu Hafsa, ina da tambaya in ba za ka damu ba. Kai da ka girma da ita, ka je wajen su Ummu Aiman? Ta tafi?

Abu Hafsa, Riyad:
Na je da girmana, Anti. Ba ta tafi ba, kuma wanda ya duba ni bai yi min alkawarin za ta tafi ba. Abin da na koya shi ne yadda zan shiga kalma a sassauce maimakon in tunkare ta da ƙarfi, da yadda zan fita in na maƙale ba tare da na murɗe wuya ba. Mafi girma kuma, na daina ɓoyewa. Yanzu in zan kira waya wajen aiki nakan fara da cewa ina da in'ina, a ɗan ba ni lokaci. Rabin nauyin a nan yake sauka.

A nan ne nake ɗan saɓa wa masu cewa "Allah ya yaye" kawai su wuce. Amin, ina so. Amma in bai yaye ba fa? An hana ni mata ta farko da na nema saboda wannan, wai kada a haifi irina. Mutum ya shugabanci Amurka da in'ina, Joe Biden bai ɓoye tasa ba, Sarki Joji na shida na Ingila ya yi wa ƙasarsa jawabi a lokacin yaƙi da ita, amma mu har yanzu a wasan kwaikwayonmu mai in'ina shi ne abin dariya. Yara kuma a nan suke koyon kwaikwayonmu.

Ummu Aiman, Jidda:
Ba mu saɓa ba ko kaɗan. Ga ƙaramin yaro muna fatan ta tafi, kuma sau da yawa tana tafiya. Ga babba, nasara ita ce ya faɗi abin da yake so, ga wanda yake so, a lokacin da yake so. Abin da ni ba zan iya ba ku ba shi ne zama da wanda ya san abin daga ciki. A ƙasashe da yawa masu in'ina na da ƙungiyoyin kansu, kuma ranar 22 ga Oktoba ta kowace shekara, tun 1998, ita ce ranar wayar da kai a kanta a duniya.

Abu Hafsa, Riyad:
To ni zan fara da abin da zan iya. Duk mai in'ina a zauren nan, ko a Makka yake ko Madina ko Jizan, ya yi min magana ta gefe. Mu riƙa haɗuwa ta kiran murya a WhatsApp daren Juma'a bayan isha, da Hausa, don wasunmu a Larabci sun fi maƙalewa, wasu kuma a Hausa. Sharaɗi biyu ne: ba mai ƙarasa wa wani kalma, kuma abin da aka faɗa a ciki ba ya fita.

Anti Larai, Makka:
Akwai wata 'yar maƙwabciyata, budurwa ce, ta bar makaranta saboda wannan. Ba za ta shiga cikin maza ba.

Ummu Aiman, Jidda:
Ki haɗa ni da ita, Anti, da izinin mahaifiyarta. In mata sun kai uku zan buɗe musu nasu daban, ni zan zauna da su a farko har su saba, sannan su ci gaba da kansu. Iyaye mata masu ƙananan yara kuma su turo min shekarun yaron da lokacin da abin ya fara, ta gefe, kada a sa bidiyon yara a zaure.